Maƙeran Zamani da Jarin Kasada: Ina Rabon Mubi?



A watan Oktoban 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, wanda wasu samari biyu suka kafa a Legas, a kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 200. Paystack ko ƙusa ba ya ƙerawa, manhajar karɓar kuɗi ce ta intanet. Kuma har gobe mafi tsokar jarin da ke shigowa Najeriya don sababbin kamfanoni can yake nufa, wato Legas da hada-hadar kuɗi ta waya. Shaida tana kusa, domin da wuya ka ratsa layi a Mubi ba ka ga mai POS na OPay ko Moniepoint ba. To, sharhinmu na yau a kan ɗaya ɓangaren yake, masu ƙera abin da hannu ke taɓawa, kamar firij da inji da batir da mota, da kuma inda za su samo jari.

Mai jarin kasada ba bashi yake bayarwa ba. Yakan zuba kuɗi ne ya karɓi kaso a cikin kamfani, in kamfanin ya durƙushe ba ya bin kowa ko kwabo. Yakan rarraba dukiyarsa a kamfanoni da dama, yana sane cewa galibinsu ba za su kai labari ba, fatansa ɗaya tak ya bunƙasa ya mayar masa da asarar sauran har da riba. Shi ya sa yake ƙaunar manhaja: da zarar an rubuta ta, ƙara sabon mai amfani da ita ba ya cin wani abin a zo a gani. Na'ura kuwa kowace guda sai an sayi ƙarfenta da batirinta da allon solarta, akasari da dala daga Sin, a biya kwastan a Apapa, a ɗora wa mota ta kwana a hanya kafin ta iso nan. Sannan a sayar da naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya tsayar da farashin injinsa a tsohon lissafi, kasuwa ta kayar da shi ba tare da ya yi laifin komai ba.

Alal misali, kamfanin Hello Tractor, wanda Jehiel Oliver ya kafa a 2014, ya fara ne da sayar da ƙananan taraktoci a Najeriya. Daga baya ya bar wannan ya koma liƙa 'yar na'urar bin sawu a jikin taraktocin wasu, yana haɗa mai tarakta da manomi. Sai a wannan sabon salo kamfanin John Deere ya zuba masa jari a 2022.

Amma fa akwai waɗanda suka tsaya a kan ƙarfe kuma aka ba su kuɗi. Arnergy, mai haɗa wutar sola a Legas, ya samu dala miliyan 9 a 2019, a zagayen da asusun Breakthrough Energy Ventures na su Bill Gates ya jagoranta. Koolboks, mai firij ɗin sola, ya samu dala miliyan 2.5 a 2022. Releaf ya ƙera injin fasa ƙwarar manja da ya kira Kraken, ya tara dala miliyan 4.2 a 2021. A Owerri, Nnaemeka Ikegwuonu ya kafa ColdHubs a 2015, ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a cikin kasuwanni. Ku lura da dabararsu. ColdHubs bai ce wa mai tumatir ya sayi ɗakin ba, ya fara ne da karɓar naira 100 a kan kowane kwando a rana. Koolboks kuma yana bayar da firij a biya kaɗan-kaɗan. Abin da ya ja hankalin masu jari shi ne kuɗin da ke shigowa kullum kuma a rubuce. Kyan injin shi kaɗai bai isa ba.

Kusa da mu, a Maiduguri, Mustapha Gajibo da kamfaninsa Phoenix Renewables sun cire injin fetur daga ƙananan motocin haya sun mayar da su masu aiki da batir. Wasu sun ɗauka wasa ne, har sai da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023.

Yanzu mu dawo gida. Mubi tana da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, kuma duk shekara ɗaliban injiniya suna haɗa injin casar masara, na ɓarar gyaɗa, na ƙyanƙyasar ƙwai. A ba su maki, a jingine injin a bayan ɗakin gwaji, tsatsa ta gaje shi. A cikin gari ga masu walda, ga masu naɗin janareta, ga yara masu gyaran waya da ke karanta allon na'ura kamar wasiƙa. Buƙata kuma ba a magana. Daga kasuwar shanunmu ake loda tireloli zuwa Kudu da dabbobi a tsaye, suna ramewa a hanya, saboda babu sanyin da zai riƙe nama. Nonon Fulani yana lalacewa kafin azahar.

Sai dai akwai wata dama guda da Mubi ke da ita, kuma ban cika jin ana faɗinta ba. Kamaru tana bayan gidanmu. Mai saye daga Garwa ko Marwa da sefa yake biya, ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro a kan tsayayyen farashi. Matsalar da ta fi kashe masu ƙera na'ura a ƙasar nan ita ce sayen kaya da kuɗin waje a sayar da naira. Maƙerin Mubi da zai sayar da rabin injunansa a ƙetaren iyaka ya rage wannan ciwo ƙwarai, kuma masu canji a garin nan sun fi kowa sanin haka.

To wa zai ba da kuɗin farko? Tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar sababbin kamfanonin fasaha ranar 19 ga Oktoban 2022, wadda ta tanadi asusun da bai gaza naira biliyan 10 ba a shekara. A 2023 aka ƙaddamar da shirin tallafa wa kamfanonin fasaha mai suna iDICE na sama da dala miliyan 600 ta hannun Bankin Masana'antu. Madalla. Amma sharaɗin farko shi ne kamfani mai rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kuma mai walda da ke aiki a ƙarƙashin rumfar kwano ba shi da ita. Mai jarin Landan kuwa, da ya binciki sunan Mubi, abin da zai fara cin karo da shi shi ne Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram ta mamaye garin. Ba zai zo da fari ba, kada mu yaudari kanmu.

A ganina kuɗin farko yana aljihun attajiran Mubi. Tsarin ma ba baƙo ba ne a gare su. Mutumin da ke saya wa wani bijimi ya turke, in an sayar a raba riba, in ya mutu ba da sakaci ba a haƙura, ya riga ya san jarin kasada. Bambancin kawai, injin ya fi bijimi daɗewa kafin ya kai kasuwa, kuma dole a rubuta yarjejeniya: kaso nawa ne na mai kuɗi, nawa ne na mai basira, wa ke riƙe da littafin shiga da fita.

Su ma maƙeran akwai gyara a wajensu. Inji guda da aka nuna wa manyan baƙi aka ɗauki hoto ba kamfani ba ne. Ana son na goma ya fito daidai da na farko, ƙusarsa ta shiga ramin ɗan'uwansa, a samu kayan gyaransa a kasuwa, ya kuma cika ƙa'idar hukumar kula da ingancin kaya ta SON. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da ta Kudu, maimakon kyautar ambulan a wajen biki, su ba da odar injuna ashirin ga ƙungiyoyin manoma, su biya rabi a gaba. Da takardar oda irin wannan ake zuwa banki. Kwalejin Fasaha kuma ta zaɓi injuna uku mafi inganci cikin na kowace shekara, ta taimaka wa masu su da rajista, ta gayyato 'yan kasuwar hatsi da na shanu su gwada su da kayansu, su faɗi nawa za su iya biya.