Batirin Motar Lantarki: Raddi ga Masu Jiran Gawon Shanu

Wani ɗan'uwa marubuci, wanda nake ganin girman alƙalaminsa, ya yi dogon rubutu yana cewa batirin litiyam ya ƙure, ba sauran ci gaba a gabansa, kuma motar lantarki ba za ta kai labari ba sai ranar da aka ƙera batir mai sandararren ciki. Ya kawo hujjojinsa, wasu da nauyi, wasu kuma lokaci ya wuce da su tun kafin tawadarsa ta bushe. Bari mu bi su.

Malam ya fara da tsada, ya ce farashin batir ba zai taɓa saukowa inda talaka zai kai hannu ba. To, ana auna batir ne da yunit, wato kilowat-awa, irin wanda muke saya mu loda a mita. A 2010 yunit guda na batirin mota ya haura dala 1,000. Ƙididdigar BloombergNEF ta nuna ya koma dala 139 a 2023, sannan 115 a 2024. Batir mai yunit 60 da a da zai lashe sama da dala 60,000, yau bai kai 7,000 ba. Kuma ba wani sabon sinadari aka gano ba. Dangin batirin nan ne da Sony ya fara sayarwa a 1991. A masana'anta aka karya farashin: yawan ƙira, rage ɓarna, da cire tarkacen akwatunan da ake jera ƙwayoyin batir a ciki. Abin da ya sauko haka cikin shekara 14, da wace hujja za a ce ya ƙure?

Sai ya ce litiyam zai ƙare, ya kafa hujja da tashin farashinsa. Gaskiya ne a Nuwamban 2022 tan guda ya kusa yuwan 600,000 a kasuwar Sin. Abin da Malam bai faɗa ba shi ne, kafin ƙarshen 2023 ya faɗo ƙasa da 100,000, har wasu mahaƙa a Ostireliya suka dakatar da aiki a 2024 saboda ba riba. Ƙarancin na lokaci ne: gina masana'antar batir ya fi buɗe mahaƙa sauri, sai buƙata ta riga kaya isowa kasuwa. Da kuɗi ya yi kira, Ajantina da Zimbabuwe suka amsa, Mali ta buɗe mahaƙar Goulamina a ƙarshen 2024, a nan gida ma an buɗe masana'antar sarrafa dutsen litiyam a jihar Nasarawa a watan Mayun shekarar. Ga shi kuma litiyam ba ƙonewa yake yi kamar fetur ba. Yana nan cikin tsohon batir, shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta 2023 ta wajabta a riƙa kwato kashi 50 cikin ɗari nasa zuwa 2027, da kashi 80 zuwa 2031.

Hujjarsa mafi nauyi ita ce ta kobalt, kuma a nan sai na sara masa. Kusan kashi 70 cikin ɗari na kobalt ɗin duniya daga Kongo Kinshasa yake fitowa, kuma rahoton Amnesty International na 2016 ya nuna yara na wanke duwatsu a yankin Kolwezi don 'yan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba. Wannan abin kunya ne, ba mai wanke shi. Amma Malam ya yi magana kamar duk batirin litiyam iri ɗaya ne, alhali akwai LFP, mai ƙarfe da fosfet, wanda ba kobalt ba nikel a cikinsa. Daga ɗakin binciken John Goodenough na Jami'ar Texas ya fito a shekarun 1990, mutumin da ya raba kyautar Nobel ta 2019 da Stanley Whittingham da Akira Yoshino. An daɗe ana raina LFP wai nauyi gare shi, ba ya ɗaukar wuta da yawa. A 2020 kamfanin BYD na Sin ya fito da batirin Blade: ya yi ƙwayoyin dogaye sirara, ya jera su kai-tsaye a ƙarƙashin mota, sai wurin da akwatuna ke ci ya koma wurin ajiye wuta. A 2021 Tesla ya sanar da mayar da motocinsa masu matsakaicin zango kan LFP. Zuwa 2024, a lissafin Hukumar Makamashi ta Duniya, kusan rabin baturan motocin lantarki irinsa ne. Kobalt kuwa ya yi kwantai har gwamnatin Kongo ta dakatar da fitar da shi a Fabrairun 2025 don farashi ya ɗaga. In Malam na son ganin abin da idonsa, ya leƙa shagon masu sola a Kano ko Kaduna, ya duba gefen farin akwatin nan da ake rataye wa a bango kusa da inbata. A mafi yawansu zai ga an rubuta LiFePO4. Shi ne wannan.

Batun tsufa, ya ce kowa ya ga yadda batirin waya ke kumbura cikin shekara biyu. Waya ba ta da abin sanyaya ta, a aljihu take yini, kuma kullum sai an cika ta maƙil an zuƙe ta tas. Batirin mota yana da bututan ruwan sanyi da kwamfutar da ke hana shi cika ko ƙarewa gaba ɗaya, shi ya sa yawancin kamfanoni ke ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000. Inda tsoronsa ke da tushe shi ne zafi. Nissan Leaf na farko ba shi da sanyaya ta ruwa, kuma a 2012 masu shi a jihar Arizona suka yi ta kukan batir na raguwa da wuri. Wanda zai sayi tokumbo ya shiga da ita Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lallai ya tambayi yadda ake sanyaya batirin, ya sa a auna masa lafiyarsa kafin ya biya.

Gobara ba zan tsawaita ba. An janye Chevrolet Bolt kusan 140,000 zuwa 2021 saboda lahanin ƙira, kuma wutar batir na da wuyar kashewa. Amma fosfet ɗin LFP na riƙe iskar oksijin gam, ba ya sakinta da sauƙi in ya yi zafi, kuma ita ce ke rura wutar.

Mu zo kan abin da Malam ya rataya dukkan fatansa. Batir mai sandararren ciki shi ne wanda aka cire masa ruwan batir aka sa tangaran ko wani sinadari mai farar wuta, don ya ɗauki wuta da yawa a ƙaramin jiki. A takarda ba abin da ya fi shi. A aikace, ɓangarorin batir na kumbura suna motsewa duk caji. Ruwa na bin su duk inda suka yi, busasshen abu kuwa tsagewa yake kamar yaɓen laka a rani, sai litiyam ya bi tsagar ya tsiro siraran tsinkaye har su haɗa wuta. Mai farar wutar kuma in ya shaƙi raɓa sai ya fitar da iska mai guba, don haka dole a ƙera shi a ɗakin da ba ɗigon danshi. Toyota ya so nuna nasa tun lokacin wasannin Olamfik na Tokyo na 2020. A Oktoban 2023, da ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Idemitsu, alkawarin ya riga ya koma 2027 zuwa 2028. Kamfanin motoci na Nio ya yi mai rabin-ruwa na yunit 150 da ya haura kilomita 1,000 a caji guda a Disamban 2023, amma shugabannin kamfanin da bakinsu suka ce kuɗin batirin kaɗai ya kai na ƙaramar motarsu. Ban ce ba zai zo ba. Zai zo, ta motocin masu hannu da shuni zai fara, kuma zai tarar wanda ya zo ya kayar bai tsaya jiransa ba. A 2023 kamfanin CATL na Sin ya nuna LFP mai ɗaukar cajin kilomita 400 cikin minti 10; a Maris ɗin 2025 BYD ya ce nasa minti 5. Ga na sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wanda CATL ya gabatar a 2021, ƙananan motoci suka fara fitowa da shi a Sin wajen farkon 2024, ko da yake arhar litiyam ta rage masa kasuwa. A 2024 kaɗai an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17, ba ko ɗaya da ta jira batirin Malam.

Abin da ya kamata ya dame shi, bai ko taɓo shi ba. CATL da BYD, kamfanonin Sin biyu, su ke da fiye da rabin kasuwar baturan mota ta duniya. Northvolt na Suwidin, wanda Turai ta ɗora wa buri ta zuba wa biliyoyin daloli, ya durƙushe a Maris ɗin 2025, don sanin sinadari daban, iya fitar da miliyoyin ƙwayoyi marasa lahani daban. Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen dutsen litiyam tun Disamban 2022. Mu da ake loda namu a tirela daga Nasarawa, nawa ne ke tsayawa a gida daga kuɗinsa, kuma wa ke koyon aikin? In Malam zai mayar da martani, a nan nake so mu haɗu, kuma ya taho da alƙaluman bayan 2022.