Turancin Bakin Titi Ba Ya Karanta Takarda

Makon jiya a majalisarmu ta bayan La'asar, aka kawo labarin wani yaron unguwar nan da ya samu gurbi a jami'a zai karanta Turanci. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya kada baki ya ce ai asarar kuɗi ce, tunda yaran Mokola ma suna zuba Turanci kyauta a bakin titi, gara a ba yaron jari ya shiga Bodija. Aka bushe da dariya. Ni dai ban yi ba, kuma Alhaji ya gafarce ni, a nan zan ba shi amsa, don maganar ba tasa ba ce shi kaɗai. Rabin Sabo haka suke gani.

Turanci kala-kala ne, jama'a. Akwai burokan da muke ciniki da shi, wanda ni ma na iya, har na fi iya Yarbanci a kansa. Akwai kuma Turancin takarda, na lauya da banki da ofishin filaye, wanda aka tsara shi don kalma guda ta ɗaure mutum ko ta kwance shi. Wannan na biyun ba a tsintarsa a tasha. Zama ake yi shekaru a koye shi.

Wani kawuna ya tsaya wa abokin cinikinsa a wani banki. A ransa shaida kawai ya yi, irin ta gida: na san shi, mutumin kirki ne. Ya dangwala hannu ya tafi masallaci. Da ciniki ya karye, bankin bai ma wahalar da kansa neman mai bashin ba, ƙofar kawu ya zo. A cikin takardar akwai kalmomi uku, jointly and severally, ma'ana kowane ɗayansu ana iya kama shi da bashin gaba ɗaya, ba rabi ba. Kawu yana jin Turanci daidai gwargwado, yana sauraron labarai, yana faɗa da 'yan sanda a hanya. Kalmomi ukun nan su suka ci shagonsa.

Haka batun gidaje. Mutum nawa ne a cikinmu ke bugun ƙirji ya sayi gida, alhali abin da ke cikin akwatinsa takardar haya ce ta wasu shekaru? Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen jiha suna hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma mai takardar mallaka ta gwamna ba ya sayar da filinsa ya zauna daram sai da amincewar gwamnan. Rasit da shaidu biyu da goro ba su kai nan ba. Unguwar nan tun 1916 take. Mun haura shekara ɗari muna gini, muna sayarwa, muna raba gado, amma in takarda ta taso sai mu ɗauke ta mu kai wa baƙo ya faɗa mana abin da muka mallaka.

Za a ce ai doka ta kare mu. E, a rubuce. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma da laifi dole a sanar da shi laifin da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen kotu. Akwai kuma dokar da ta ce wanda ya rubuta wa marar karatu takarda sai ya sa sunansa da adireshinsa, ya tabbatar an karanta masa ya fahimta kafin ya dangwala. To wa zai tashi ya ce ba a yi hakan ba? Wa zai gane tafinta ya karkatar da magana? Ku je kotun majistare ku ga wanda ake jawowa daga waje ya yi wa Bahaushe tafinta. Wani sa'in Hausarsa ba ta wuce ta sayen tumatir ba, kuma da bakinsa za a rubuta ko ka amsa laifi ko ka musa.

Na san hujjar da ta fi ƙarfi, ba kuma zan ɓoye ta ba: ga masu digiri nan suna yawo ba aiki. Gaskiya ne. Karatun kuma doguwar tafiya ce, Turanci shekara huɗu, lauya shekara biyar, da ƙarin shekara a makarantar horar da lauyoyi, ban da yajin aikin malamai. Amma wanda ya haɗa Hausa da Yarbanci da Turancin doka a baki ɗaya, a garin da fataken shanu da goro da albasa ke sauka kullum, aikinsa na jiransa a ƙofar gida. Kuɗin da muke kai wa lauyoyin waje a shekara, ku lissafa da kanku.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne nisan. Jami'ar Ibadan tana nan tun 1948, daga Mokola ka bi ta Sango mota ɗaya ce. Bature ma, Abner Cohen, ya taso daga ƙasarsu ya zauna cikinmu, ya rubuta littafi a kan cinikin shanu da goron Sabo, aka buga a 1969, ana karanta mu a jami'o'in duniya. Mu kuma da ke maƙwabtaka da ƙofar, muna yi wa mai son shiga dariya.

Kuma tun daga sakandare ake yin ɓarnar. Mai son karanta lauya ko Turanci sai ya ci darasin adabin Turanci a jarrabawar WAEC, ya kuma rubuta shi a JAMB. Yaranmu da yawa ba wanda ya gaya musu, sai sun gama su tarar ƙofa a rufe. 'Yan mata kuwa, waɗanda galibi su suka fi ƙoƙari a aji, ba ma a tambayarsu.

Muna da asusun gyaran masallaci, muna da na jana'iza, kuma ba a taɓa rasa mai bayarwa ba. Ina roƙon Mai Martaba Sarki da shugabannin 'yan kasuwa, a zama na gaba a buɗe na uku, a ɗauki yara biyu duk shekara, mace da namiji, a biya musu har su gama. Alhaji kuma, kafin ranar, ya buɗe akwati ya ɗauko takardar gidansa, ya kira ɗaya daga cikin yaran Mokolan ya karanta masa.