Maganin Da Ba A Gama Shansa

Duk wanda mutanenmu suka gani da magani a hannu, tambaya ɗaya suke yi masa: "Yaushe za ka gama?" A wurinmu magani abin kwana uku ne ko bakwai, kamar na zazzaɓi. Amma akwai cutar da ba a gama shan maganinta, kuma a ganina rashin sanin haka yana cutar da waɗansunmu a gida da makaranta. Ni ɗaya ce daga cikinsu.

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata 'yar tsoka da likitoci suke kira tayirod. Ita ce in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinta shi ne zuba wani sinadari cikin jini wanda yake tsara yadda jiki zai ƙona abinci, ya yi ɗumi, ya girma. In ta gaza, sai mutum ya yi ta kasala da barci da mantuwa, fatarsa ta bushe, ya riƙa jin sanyi alhali kowa na gumi. Ana haihuwar jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 4,000 da wannan, kuma in ba a fara masa magani cikin makonnin farko ba, ƙwaƙwalwarsa da tsawonsa suna iya taɓuwa. Waɗansu kuwa sai sun girma take kama su. Tun 1993 gwamnatin Nijeriya ta tilasta a sa aidin cikin gishirin ci, abin da ya rage maƙoƙo ƙwarai. To, amma gishiri rigakafi ne. Wanda tsokar tasa ba ta aiki, sai ƙwayar levothyroxine, ɗaya kullum, har iyakar rayuwa.

Abin da ya fi ruɗa iyaye shi ne, yaro yana fara sha sai ya warware sarai. Daga nan sai a ce ai ya warke, a daina ɓarnar kuɗi. A bari kwana biyu, ba a ga kome ba, sai a ce ka gani ko! Ni kuwa ina mamakin yadda mutumin Kadawa zai yi wannan lissafi. Wane manomin rani ne daga Kura zuwa Bunkure bai san cewa in an rufe ruwan Tiga yau, tumatir ba zai yi yaushi yau ba? Ƙasa tana riƙe da laima. Sai bayan kwanaki ganye zai faɗi, lokacin ɓarna ta riga ta shiga. Haka ƙwayar nan take. Tana yin wajen mako guda kafin rabinta ya fita daga jini, saboda haka wanda ya daina sai bayan makonni zai ga kasala ta dawo, kuma ba lalle ya gane dalili ba. Manomin nan ya kuma san ruwa in ya yi yawa saiwa ruɓewa take yi. Wanda ya ƙara wa kansa ƙwaya zai gamu da bugun zuciya da gumi da rama. Gwajin jini kaɗai yake nuna adadin da ya dace, mako 6 zuwa 8 bayan an canja shi, sa'an nan sau ɗaya ko biyu a shekara.

Yanzu bari in zo kan makarantun kwana. Ana shan ƙwayar da ruwa kawai, ciki ba kome, a jira rabin awa ko awa guda kafin a karya. Amma doka ta ce a ajiye kowane magani a ɗakin shan magani, wanda ba a buɗe shi sai an shanye koko. Na san an yi dokar don tsare lafiyarmu, ban kuwa raina ta ba. Duk da haka ɗaliba mai takardar likita ya kamata a bar ta ta sha nata da asuba, ko a damƙa shi ga uwar ɗaki. Haka maganin ƙarin jini da ake ba 'yan mata, tilas a raba shi da wannan ƙwaya da awa 4, in ba haka ba zai hana ta shiga jiki. Awara ma takan rage mata ƙarfi. Ajiya kuma sai wuri mai sanyi, gama akwatin ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano cikin watan Afrilu tanda ne. Azumi ba ya hana sha. A sha kafin sahur a ɗan jira, ko lokacin kwanciya, awa 3 bayan abincin ƙarshe, yadda likita ya tsara.

Ga 'yan'uwana ɗalibai, mai gyangyaɗi a aji ba kullum ne malalaci ba. Iyayenmu kuwa, roƙona kada ku ɓoye wannan don tsoron a ce 'yarku ba za ta auru ba. Mai shan maganinta daidai tana haihuwa kamar kowa, sai dai in ta sami ciki likita yakan ƙara mata adadin. In an sayar da shinkafa, a ware kuɗin ƙwayar zango guda tare da na makaranta, a kuma nema mana izinin fita ran da za a je gwajin jini a Asibitin Malam Aminu Kano.