Rangwamen Bakin Ƙofa

Duk wanda ya saba shiga kasuwa ya san wannan al'ada. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka. Ya ƙara, aka sake ce masa albarka. Sai ya juya ya kama hanyarsa. Bai yi taku biyar ba sai ya ji an ƙwala masa kira, "Malam, zo kawo kuɗin." Farashin da aka rantse ɗazu cewa ko uwar kuɗi bai kai ba, yanzu ya yiwu, don kawai an ga ƙeyarsa. Wannan shi nake kira rangwamen bakin ƙofa, kuma ban ga aibinsa a kasuwa ba. Inda nake da ja shi ne yadda wasu manyan kamfanoni suka ɗauki wannan tsohuwar dabara suka mai da ita tarko.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne na Vonage, wani kamfanin Amurka da ya yi suna tun farkon shekarun 2000 wajen sayar da wayar tarho ta intanet. Maimakon murya ta bi layin tarho na gargajiya, sai wata 'yar na'ura ta mayar da ita bayanai irin na kwamfuta, ta aika da su ta intanet. Kira ya yi araha, musamman zuwa ƙasashen waje. Kuɗi kuwa duk wata ake cirewa kai tsaye daga katin bankin mutum, ba sai an sake tambayarsa ba. Shiga ba ta da wuya, daga ɗakinka za ka yi rajista a intanet. Fita ce aikin.

Tun a shekarar 2009 kamfanin ya sasanta da jihohi 32 na Amurka, ya biya dala miliyan 3 a kan koke-koken da suka haɗa da wahalar da masu son dainawa. Abin bai mutu ba. A watan Nuwamba na 2022 hukumar tarayya mai kula da ciniki da kare masu saye, wato FTC, ta zarge shi da cewa ba ya barin mutum ya soke rajistarsa sai ya buga waya ya yi magana da wani ma'aikaci na musamman, wanda aikinsa shi ne ya hana abokin ciniki tafiya. A cewar hukumar, lambar da za a kira ba ta samuwa cikin sauƙi, an rage sa'o'in amsa kira, ana alkawarin za a kira mutum a ƙi kira, wasu ma an ci gaba da cire musu kuɗi bayan sun ce sun daina. Kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 100 don a mayar wa mutane, ya kuma buɗe hanyar sokewa mai sauƙi.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Samun sabon abokin ciniki yana cin kuɗin talla da na kayan aiki, don haka ya fi wa kamfani sauƙi ya rage wa wanda ke hannu wani abu da ya fita neman wani. Sun ƙara da cewa sau da yawa mai son tafiya ƙorafi ne da shi wanda za a iya gyarawa, kuma rangwamen da aka yi masa a aljihunsa zai zauna. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai a kasuwa ƙofa a buɗe take. In mai saye ya ga dama ya waiwayo, in bai ga dama ba ya wuce, ba wanda zai riƙe masa riga. Idan kuwa sai ka saurari tayin kafin a buɗe maka ƙofa, alhali ana ci gaba da cirar kuɗinka kana tsaye, to wannan ya tashi daga ciniki ya koma tsarewa.

A matsayina na mai nazarin harshe, abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ake sarrafa maganar kanta. Mutum ya ce, "Ina so in daina." Wannan jumla sanarwa ce, an riga an yanke shawara. Amma ma'aikacin ba zai karɓe ta a haka ba, kuma ba zai taɓa cewa a'a ba. Sai ya mayar da ita tambaya: me ya faru, me muka yi maka, in an rage maka rabin kuɗin wata uku fa? Nan take sanarwa ta zama tayi, mai sallama ya zama mai ba da uzuri. Wanda aka yi wa tarbiyyar kunya, wanda ke jin nauyin mayar da kyauta, shi ya fi saurin faɗawa. Wata uku na cika farashi ya koma inda yake, shi kuwa ya manta.

Akwai kuma wanda ba a ko ambatonsa, wato abokin cinikin da ya yi shekara da shekaru yana biya bai taɓa ɗaga murya ba. Shi ne ke biyan cikakken farashi, mai barazana kuwa a lallashe shi da ragi. Wane ɗan kasuwar kirki ne zai hana tsohon abokin cinikinsa gyara, ya ba mai zuciya? Birtaniya ta ga irin wannan a harkar inshorar gida da ta mota, shi ya sa daga Janairun 2022 ta hana a caji mai sabunta yarjejeniya fiye da sabon shiga. A Nijeriya ma, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta ba da damar sauya kamfani ba tare da rasa lambar waya ba a Afrilun 2013, wanda ya ajiye layinsa ya kwana biyu bai sa kati ba ya san irin saƙonnin garaɓasar da ke biyo shi.

A nawa ra'ayin, gyaran ba mai wahala ba ne: ta ƙofar da aka shiga ta nan za a fita, a fara cika umarnin mai tafiya, a tsayar da cirar kuɗi, sa'an nan a yi masa tayi in yana son ji. Kusan haka FTC ta tsara a wata ƙa'ida da ta fitar a Oktoban 2024, amma a Yulin 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke ta, bisa dalilin cewa hukumar ta tsallake wani mataki wajen tsara ta. Tsohuwar dokar 2010 da aka kama Vonage da ita kuwa ba ta faɗi ba, da ita aka tuhumi Amazon, wanda a Satumban 2025 ya amince ya biya dala biliyan 2.5 a kan yadda yake shigar da mutane tsarinsa na Prime da yadda yake wahalar da masu son fita.