MU GYARA TURANCINMU: Ɗagawa Dabam, Sokewa Dabam

Abin da ya sa na ɗauko darasin yau wata wasiƙa ce da wani saurayi ya aiko wa wannan fili, wadda na karanta har sau biyu don tausayi. Ya ce ya nemi aikin akawu a wani kamfani, har aka sa masa ranar ganawa. Ana saura kwana biyu sai ga saƙo daga kamfanin cewa, "The interview has been put off." Shi kuwa da ya ga "off" sai ya tuna da abin da a ke rubutawa a jikin makunnin lantarki, ya ce a ransa ai an kashe maganar ke nan. Ya tattara nasa ya nasa ya koma garinsu, bai ko leƙa ya tambaya ba. Bayan mako biyu aka yi ganawar, aka ɗauki waɗanda suka zo. Lalle rashin sani ya fi dare duhu.

Kuskuren wannan saurayi shi ne ya raba "put" da "off", ya fassara kowace ita kaɗai. Turanci yana da ɗabi'ar haɗa aikatau da wata 'yar gajeruwar kalma, kamar "off" ko "up" ko "out", su biyun su haifi sabuwar ma'ana wadda ba ta cikin ɗayansu. Turawa suna kiran irin wannan haɗi "phrasal verb". Samuel Johnson, wanda ya wallafa shahararren ƙamus na Turanci cikin 1755, ya faɗa a gabatarwarsa cewa wannan haɗi ne ya fi ba baƙi masu koyon harshen wahala.

Amma fa mu Hausawa bai kamata abin ya zame mana baƙo ba. Ku dubi kalmar "ci". Muna cin tuwo, muna cin bashi, muna cin jarrabawa, muna cin amana, muna ci gaba. Baturen da ya koyi cin tuwo kurum, ranar da ya ji an ce wane ya ci sarauta, sai ya riƙe baki. To, haka "put off" ta ke, dunƙule a ke koyonta.

Ma'anarta ta farko, wadda kuwa ita ce aka fi amfani da ita, ita ce ɗaga abu zuwa wani lokaci na gaba. Abin yana nan, rana ce kawai ta sake. Idan kuwa an fasa abin ɗungum, sai a ce "call off", watau "cancel". Ga misali. Cikin 2019 hukumar zaɓe ta ɗaga zaɓen shugaban ƙasa daga 16 ga Fabrairu zuwa 23 ga watan: "The election was put off for a week." Haka kuma wasannin Olamfik na birnin Tokyo, aka ɗaga su daga 2020 zuwa 2021 saboda annobar korona. Amma na 1940 da na 1944 ba a yi su ba sam saboda Yaƙin Duniya na Biyu: "The games were called off." Da saurayinmu ya san wannan bambanci, da wataƙila yanzu yana kan teburinsa.

Akwai kalmomi da dama masu kusantar wannan ma'ana, sai dai kama da wane ba ta wane. "Postpone" ita ce mafi kusa, ita ce kuma ta fi dacewa da takardar ofis. Daga Latin ta fito, asalin ma'anarta kuwa ajiye abu a baya. "Defer" ta fi tafiya da biyan kuɗi, ko yanke shawara, ko shiga makaranta. "Adjourn" ta zaman da aka riga aka fara ce, kamar na kotu ko majalisa, sa'an nan aka tashi sai wata rana. "Delay" kuwa tana iya zama ba da nufin kowa ba, kamar jirgin da hazo ya hana tashi da wuri. Ita ko "procrastinate" zargi ce, ta malalaci ce wanda kullum ya ke cewa sai gobe. Saboda haka kada ɗalibi ya rubuta wa shugaban makaranta cewa ya yi "procrastinating" jarrabawa, don zagi ne zai yi bai sani ba.

Ma'ana ta biyu tana fitowa sa'ad da mutum ne aka yi wa "put off". Mai bin bashi zai ce, "He keeps putting me off." Nufinsa, mutumin yana ta yi masa je ka ka dawo, yau ya ce ba ya gida, gobe ya ce albashi bai fito ba.

Ma'ana ta uku ita ce fitar da abu daga ran mutum, ko kashe masa gwiwa. "The smell put me off my food," watau warin ya sa abincin ya fita raina. "Don't let the price put you off," watau kada tsadar ta sa ka ja da baya. A nan 'yan'uwanta su ne "discourage" da "deter" da "repel".

Ta huɗu ita ce ɗauke wa mutum hankali yana cikin aiki. Mai ƙidayar kuɗi zai ce wa mai surutu, "You are putting me off." Kalma guda mai wannan ma'ana ita ce "distract".

Sauran abu ɗaya. A nan ƙasar mun saba cewa "put off the light" in muna nufin a kashe fitila. Kowa zai gane ka a Legas ko Kano, amma abin da Turawa suka fi faɗa shi ne "turn off" ko "switch off", ga wutar itace ko kyandir kuwa "put out". Ina kyautata zaton wannan sabo namu ne ya ƙara ruɗa saurayin nan. Mai shirin jarrabawa ya riƙe na Turawan.

Game da nahawu kuwa, a kiyaye abu uku. Na ɗaya, "put" ba ta sake siffa don abin da ya wuce, babu wata kalma wai ita "putted off". Na biyu, in suna ne ya biyo, kana iya cewa "put off the meeting" ko "put the meeting off", duk daidai ne, amma wakilin suna tilas ya shiga tsakiya: "put it off", ba "put off it" ba. Na uku, in aikatau ne ya biyo sai ya ɗauki "ing": "She put off going to the hospital," watau ta yi ta jinkirin zuwa asibiti.

Shawarata ga saurayin nan da ire-irensa ita ce, duk sa'ad da takarda mai muhimmanci ta zo muku da irin wannan haɗi, ku buɗe ƙamus ku nemi kalmomin biyu tare. In ba ku gamsu ba, ku tambaya, gama matambayi ba ya ɓata. Allah ya musanya masa da aikin da ya fi wancan alheri.

Ga aikin gida. Ku juya wannan zuwa Turanci: "Ba a fasa bikin ba, an dai ɗaga shi zuwa bayan salla." Ku aiko da amsoshinku, kada kuwa ku yi "putting off". Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.