Wa Ya Hana Madugu Shiga Wasan?

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wani wasa da ya shigo ɗakunan kwananmu ta intanet. Asalinsa Dungeons & Dragons ne, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974; daga 2012 kuma dandalin Roll20 ya mai da teburin wasan cikin kwamfuta. Kowane ɗan wasa da takardar gwarzonsa: ƙarfi, wayo, makami, kowanne da lambarsa. In za a kai sara, sai a jefa ɗan ludo mai fuska 20, ko kuwa a rubuta gajeren umarni wanda zai jefa, ya kuma haɗa lissafin da kansa.

Masu cewa caca ce, mun ji. Caca sai da zubi, nan kuwa ko kwabo ba a zubawa. Ba da su muke ba yau.

Da ku muke, ku masu gwanintar tsara takardun nan. Kuna kwana kuna fama da HTML, har ku biya dala a ba ku izinin ɗora taku, sa'an nan me kuke cikawa ciki? Barden Turai cikin dusar ƙanƙarar da ba ku taɓa takawa ba! Turawa sun ci Kano da igwa a 1903. Wannan karon mu ne ke zare sakata da hannunmu.

Ku taka zuwa Ƙofar Mata mana. Karofin nan, an ce, tun 1498 yake, zamanin Sarki Rumfa. Marini yakan haɗa baba da toka da katsi, ya jira kwanaki rijiyar ta nuna, ya kuma san tsomi nawa ke kai zane ga shuɗin da Buzu zai saya. Barth ya iske a 1851 tufafin Kano na kaiwa har Tambutu. To, ga fatake sun ɗaure turkuɗi za su Gwanja neman goro: takardar madugu ta ɗauki sanin hanya, iya ciniki, da yawan jakuna, umarnin jifa ya yanke ko an tsallake kogi, ko 'yan fashi sun tare ayari. Ina ƙarancin labari a nan?

Muna kira ga ƙungiyarmu ta ware rana a zangon nan a tsara takardar farko da Hausa, mai karɓar ƙ da ɗ da ɓ. Waɗanda za a tura wurin marina kuma su tafi da goro a aljihu, su zauna ƙasa su yi tambaya.