Waiwaye: Yadda Kai da Wutsiyar Ƙwayar Dengi Suke Haɗuwa

A shekarar 2001, lokacin da tattalin arzikin Ajantina yake durƙushewa, masu ilimi da dama suna neman hanyar fita, wata masaniya mai suna Andrea Gamarnik ta baro Amurka ta komo gida. Ta kafa ɗakin bincike a Cibiyar Leloir da ke Buenos Aires, ta zaɓi ƙwayar cutar da ke addabar yankinta, wato ta zazzaɓin dengi, wadda sauro ke yaɗawa. A San Francisco kuwa a kan ƙwayar shan-inna ta yi aiki, tare da Raul Andino, wanda a 1990 ya nuna cewa wani ƙulli da ke bakin zaren gadon ƙwayar ba ado ba ne, in babu shi ba ta hayayyafa.

Gadon ƙwayar dengi zare ɗaya ne na RNA, mai haruffa kusan 11,000. Haruffan iri huɗu ne kacal, A da U da G da C, kuma A tana son riƙe U, G tana son riƙe C. Don haka zaren ba ya zama a miƙe. Duk inda wani yanki ya tarar da wanda ya dace da shi sai su manne, a samu lanƙwasa da madauki da reshe. Tsakiyar zaren ce ke ɗauke da umarnin ƙera furotin guda goma, kuma can hankalin yawancin masana ya tattara, don furotin ne ake ganin yana aiki. Bakin zaren biyu ba sa ƙera komai.

To, ga matsalar da ta sha kan mutane. Da zarar ƙwayar ta shiga tantanin jikin mutum, tana ƙera injin kwafinta, furotin ɗin da ake kira NS5. Cikin tantanin nan akwai dubban zarurrukan RNA na mutumin da kansa. Ta yaya injin yake gane nasa ya ƙyale na mai gida? Kwafi daga wutsiyar zaren yake farawa, saboda haka kowa ya ɗauka alamar tana can wutsiya.

A 2006 Gamarnik da ɗalibanta, musamman Claudia Filomatori, suka buga abin da suka gano: alamar tana kai. Wani ƙulli ne mai haruffa wajen 70, mai kama da reshe mai baki biyu, da ake kira SLA. Shi injin yake kamawa. Da suka warware jikin ƙullin ta hanyar sauya haruffan gefe ɗaya, kwafi ya tsaya. Da suka sauya na ɗaya gefen ma yadda za su sake mannewa, aiki ya dawo, ko da yake haruffan ba na asali ba ne. Wannan gwaji ne ya fi taɓa ni a duk labarin, domin ya nuna injin sura yake lalube, ba rubutu kawai yake karantawa ba.

Saura tazara. Injin yana kai, wurin fara aiki yana nesa da haruffa sama da dubu goma. Amsar ta daɗe a ajiye. Tun 1987, a ɗakin binciken James Strauss da ke Caltech, an lura cewa ƙwayoyin wannan dangi, har da ta shawara, suna da gajerun yankuna a kai da wutsiya da suka dace da juna, aka yi hasashen zaren yana zama zobe. A 2005 ƙungiyar Gamarnik ta ɗauki hotonsa da na'ura mai lalubar ƙwayoyin zarra, aka gan shi a zagaye. Bakin biyu suna haɗuwa kamar yadda ake ɗaure ɗamara, injin da ke zaune a kai ya tsinci kansa dab da wutsiya, ya hau aiki.

Shekara goma sha tara ke nan tsakanin hasashen 1987 da cikakken bayanin 2006, kuma a tsawon lokacin babu wani magani da ya fito daga ciki. Ni ina ganin a nan darasin yake ga masu riƙe da kuɗin bincike, waɗanda ke tambayar me za a sayar baɗi. Lokacin da Zika ta ɓarke a Brazil a 2015, masana ba su fara daga tushe ba, don ita ma tana da irin wannan ƙulli, haka ma shawarar da har yanzu take kisa a Najeriya. Ɗakin nan na Gamarnik, da ya ƙware a kan bincike maras riba ta nan take, shi ya samar wa Ajantina kayan gwajin jini na korona a 2020.

Zoben ma ba dawwamamme ba ne. A 2010 ɗakin ya nuna cewa dole zaren ya riƙa buɗewa yana rufewa: da suka ƙarfafa mannewar har zoben ya ƙi kwancewa, hayayyafar ta lalace, sai ƙwayar ta riƙa sauya haruffanta da kanta har ta dawo da daidaito tsakanin miƙewa da zagayewa. Wannan rauni ne da masu neman magani suke dubawa, domin har yau babu maganin da aka amince yana kashe ƙwayar dengi a jikin majiyyaci, ga shi a 2024 cutar ta kama mutum sama da rabin miliyan a Ajantina kaɗai.